Ƙubbar da Na Nuna wa Sidi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kakana na wajen uba ya rasu ranar Talata da hantsi. Bayan la'asar aka sallace shi a Harami, aka kai shi maƙabartar Shara'i, muka dawo muka tarar har an jera kujeru a lungu. Mu jikoki Sidi muke ce masa. Mutanen unguwarmu ta Mansur a nan Makka kuwa Mai Tsire suka sani, don ya fi shekara hamsin a kan tukuba ɗaya, a kusurwa ɗaya, yana gasa nama yana zagin masu neman gyara.

Jama'a kam an yi ta. Kujeru suka ƙare, aka aro na makaranta, su ma suka ƙare. Larabawan da suka girma da tsirensa suka zo da manyan motoci suka toshe titi. Na ga wani ƙaton ɗan kasuwa daga unguwar Rusaifa yana kuka har da majina, wai tun yana firamare tsohon yake ƙara masa tsinke ɗaya a ɓoye. Wallahi har kyanwoyin bayan tukubar sun zo, sun zauna a jere, ba wadda ta ce uffan. Gwaggona ta suma sau uku, kuma ikon Allah, duk ukun a gaban mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, ta faɗi, inda sanyi ya fi bugawa.

Amma magana ɗaya ce take ta zagaya kujerun nan.

"Alhaji ya gama lafiya," in ji amininsa, tsohon da suka yi shekara da shekaru suna aikin girki tare a Arfa. "Makka ya zauna, Madina ya ziyarta, Ƙudus ya gani. Uku cif. A cikinmu wa ya samu haka?"

"Da idon jikansa ya gani," wani ya ƙara.

"Ina yake ne, mai bakin nan? Kai, zo nan. Ajiye butar nan ka ba mu labarin ƙubba."

Na ce gahawa ta ƙare, na shige gida. Butar a cike take.

Duk wanda ya san ni ya san ba a roƙona labari sau biyu. Ni ne na ce zafin bara ya dafa min ƙwai a aljihu. Ni ne na ce na ga ɓeran Mansur ya tare kyanwa ya karɓe mata kifi ya ce ta gaida gida. Ana dariya, ana wucewa, ba wanda ya cutu. Amma wannan labarin ba a yi masa dariya ba, yarda aka yi da shi. To babu ƙubba. Sidi bai ga Ƙudus ba, ni ma ban gani ba. Ƙarya na yi masa a bakin teku shekara goma sha ɗaya da suka wuce, ya rungume ta har kabari. Kwana uku ina zuba wa mutane gahawa ina tunanin wa zan fara faɗa wa.

Bari in fara gaya muku waye shi, kada ku san shi ta bakin laifina kawai.

Gajere ne, baƙi wuluk, hannunsa ya saba da wuta har da yatsa yake juya garwashi. Ba ya cin tsirensa. In ka tambaye shi sai ya ce wanda ya san abin da ke cikin yaji ba ya ci. Shi yake daka yajin da kansa, ƙofa a kulle. Baffa, babban ɗansa, ya yi ta binsa ya faɗa masa haɗin don kada ya ɓata, ya ce, "In na mutu ka tambayi turmi." Jiya na ga Baffa tsaye a kan turmin nan yana kallonsa.

Ni ɓarawo yake kirana, don tun ina yaro nake cewa Sitti, kakata, matata ce.

"Ɓarawo ya shigo, ku ɓoye min iyali."

"Tsoho, ka sake ta mana ka huta. Ni zan riƙe ta da kyau."

"Da me? Da bakinka? Baki ba ya sayen shinkafa."

Tukubarsa ba ta fi faɗin tabarma ba, amma ma'aikatanta ba su taɓa kasa bakwai ba. Duk wanda ya gama aikin hajji ya maƙale, ba wurin zuwa, ba abin yi, sai a turo shi wajen Sidi. Wannan fifita, wannan yanka albasa, wannan riƙe wa mai yanka albasa faranti. Na taɓa tarar da wani dattijo daga Damagaram wanda aikinsa kaf shi ne korar ƙuda. Sidi ya ce mutum in ya ci abinci da sunan aiki ba ya sunkuyar da kai.

Rigima ɗaya na san sun yi da Baffa wadda ta kai wata biyu ba gaisuwa. Baffa ya samu buɗi, ya kama gida a Rusaifa, mai lif, mai tayil, ya ware wa iyayensa ɗaki. Sidi ya ce ba inda za shi.

"Baba, rufin nan yana yoyo. Lungun nan ko motar asibiti ba ta shiga."

"In suka dawo, a ina za su neme ni?"

"Su wa? Baba, shekara nawa?"

Sidi ya ɗauki fifitarsa ya fita.

Waɗanda yake jira ɗin ubansa ne da yayansa. Iyayensa da ƙafa suka taho daga ƙasar Kano, shekaru suna hanya, a Sudan aka haife shi. Mutanen da kuwa, in sun gama hajji sun ziyarci Madina, akwai masu wucewa Ƙudus su yi salla a can, su ce sun ƙaddasa hajjinsu, masallatai uku sun cika. Uban ya shirya tafiya da iyalinsa duka, sai ƙyanda ta kwantar da Sidi, yana ɗan shekara uku ko huɗu. Uwar ta tsaya jinya, uban ya kama hannun babban ɗan ya ce kafin hajji mai zuwa sun dawo. Saƙo ɗaya aka samu, ta bakin wani Babarbare: sun isa lafiya, suna zaune kusa da wata ƙofar masallacin tare da wasu baƙaƙe 'yan'uwansu. Daga nan yaƙi ya tashi, hanyoyi suka rufe. Har uwar ta mutu, duk shekara sai ta bi tantunan mahajjatan Sham tana tambaya. Sidi yakan ce, "Ƙyanda ce ta hana ni zama Bafalasɗine." Yana faɗa yana dariya, mu ma mu yi.

Kuma mutumin da ya naɗe tsire da jarida ta fi dubu dubu bai mallaki takarda ɗaya mai sunansa ba. Ba fasfo, ba iƙama, wato katin izinin zama. Jidda ma sai ya yi shahada yake zuwa.

Ina shekarar farko a jami'a, wani malamin tarihi ɗan Rusaifa, da muke kira Ustaz, ya shirya wa ɗaliban unguwa tafiyar kwana biyar zuwa arewa. Tabuka, sannan Haƙal a bakin teku, inda ƙasashe huɗu suke kallon juna. Ya ce abu uku za mu koyo: yadda Sahayoniyawa suka fara har suka kafa ƙasa, yadda ake tsaron iyaka, da duwatsu da ƙoramun da Allah ya zuba a can. Na dawo gida na tsaya a gaban tukuba ina cika baki.

"Tsoho, za mu je inda in ka yi atishawa daga Falasɗinu ake ce maka yarhamukallah."

Fifita ta tsaya a hannunsa. Ban kula ba.

Washegari ya sa aka ja shi har gidan Ustaz, don a lokacin yanar ido ta rufe masa gani, haske kawai yake gani da inuwar mutum. Ya ce shi zai dafa wa ɗalibai abinci. Ustaz ya ce a'a. Hanya cike take da wuraren bincike, in aka kama shi ba takarda Najeriya za a tura shi, ƙasar da ko ƙafarsa bai taɓa sawa ba.

"To sai in ga ƙasa biyu a tafiya ɗaya," in ji Sidi.

Sau uku yana komawa. A na ukun da tukwanensa ya je.

A cikin bas Ustaz ya riƙe lasifika ya yi ta bayani tun daga Madina har muka fara ganin jajayen duwatsu. Yadda abin ya faro a Turai a cikin mutanen da aka tsangwama, aka kora, daga baya aka yi musu kisan da ba ya faɗuwa. Yadda wasunsu suka ce sai sun yi ƙasa tasu, suka zaɓi ƙasar da akwai mutane a cikinta. Sayen filaye, jiragen ruwa, alkawarin Ingila, rabon ƙasa a takarda, yaƙi, ƙauyukan da aka tasa ba su koma ba. Rabinmu barci muke. Sidi yana kujerar baya da buhun albasa tsakanin ƙafafunsa, ko gyangyaɗi bai yi ba. Shi bai san a lissafe haka abin yake ba. Shi dai ya san an ce yaƙi.

Wani ɗan ajinmu mai zafin kai ya miƙe ya fara tsine wa Yahudawa kaf, na da da na yanzu da waɗanda ba a haifa ba. Sai ga albasa ta taso daga baya ta same shi a ƙeya. Makaho fa, amma ko maharbi sai haka.

"Zauna, ɗan nema. Ubanka aka riƙe ko nawa?"

"Sidi, ai su ne..."

"Ni ban san abin da ya riƙe ubana ba. Ƙila harsashi, ƙila zazzaɓi, ƙila wata mata ce mai iya miya. Shekara saba'in ban tsine wa kowa ba don ban san sunan da zan kira ba. Kai da ka ji labari yau da safe har ka gama da jariran mutane? Malam bai ce maka su ma korarsu aka yi ba? In za ka tsine, ka san wanda kake tsine wa. Miƙo min albasata."

Kafin Tabuka aka tsayar da mu. Askari, wato jami'in tsaro, ya hau yana duba katin kowa. Ustaz ya koma kamar an watsa masa toka. Askarin ya isa baya ya tarar da tsoho yana ɓare tafarnuwa a cinya.

"Ya ammi, iƙama?" Wato kawu, ina katinka?

Sidi ya ɗaga fararen idanun nan ya ce masa da Larabcin Makka tsantsa, "Ɗana, na girmi iƙama."

Askarin ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya ce Allah ya ƙara lafiya, ya sauka. Sai da muka yi nisa Ustaz ya tuna yadda ake numfashi.

Rana ta uku muka shiga wani kwari tsakanin duwatsu jajaye masu tsawon da in ka ɗaga kai hularka ta faɗi. Ruwa na gudu a ƙasa, ciyayi sun fi mutum tsawo. Mu muna ta hoto. Sidi yana bin tsirrai da hannu da hanci, yana kiran sunayen da uwarsa ta koya masa: wannan tumfafiya, wannan magarya. Yaran da Larabci ya cinye musu baki suna maimaitawa. Sai hannunsa ya faɗa kan wata bishiya mai rassa biyu, ya shafa, ya shafa, ya tsinci ɗanta a ƙasa ya sansana.

"Goriba," ya ce. "Na sha sayen 'ya'yan a kasuwa, ban taɓa gaisawa da uwar ba. Inna ta ce akwai ɗaya a ƙofar gidansu."

Ya zauna a gindinta har abincin rana ya makara, ba wanda ya yi ƙorafi.

A Haƙal wani hafsan masu tsaron iyaka ya karɓe mu, ya nuna mana hasumiyoyi da kyamarori da ƙananan jiragen sintiri, ya ce akwai layi a cikin ruwan nan da ido ba ya gani, amma kowa ya san inda yake. Ustaz ya riga ya gargaɗi Sidi ya zauna a bas kada ya leƙo. Sai ga shi da tiren shayi, wani ɗalibi na jansa. Ya miƙa wa hafsan kofi ya ce yana da tambaya.

"In mutum ya ɓata a can tun kafin a ja layin, wa ake tambaya?"

Hafsan ya riƙe kofin bai sha ba. Can ya ce, "Allah, ya walidi." Wato Allah ake tambaya, baba.

Da safiyar ranar Ustaz ya shimfiɗa taswira ya nuna mana cewa garin da muke hangowa a ƙarshen ruwa ƙarshen kudun Falasɗinu ne kawai, Ƙudus tana can nesa bayan hamada da duwatsu, tafiyar awanni a mota, ba a ganinta daga nan ko da madubin hafsa. Sidi bai ji ba. Yana bayan bas yana soya mana albasa.

Bayan la'asar yara suka faɗa ruwa. Ya kamo wuyan hannuna.

"Ɓarawo, kai ni bakin ruwa. Inda ba hayaniya."

Muka yi nisa da su. Ya ce in juya shi ya fuskanci wajen, na juya shi.

"Gaya min me kake gani."

Na fara da gaskiya. Duwatsu ja. Dogayen gidaje farare, da alama otal-otal ne. Ƙarafan sauke kaya na tashar jiragen ruwa. Wani jirgi a tsaye.

"Masallacin fa?"

Ya riƙe hannuna kamar ƙaramin yaro. Tsohon da ke juya garwashi da yatsa. Can gefen tashar akwai wani tanki mai zagaye, rana ta doke shi yana ƙyalli. Wallahi ban yi shawara da zuciyata ba, bakina ne ya riga ni, kamar kullum.

"Ga ta can, Sidi. Ƙubba. Rawaya, tana walƙiya."

Da na tsaya nan ma da sauƙi. Amma ni ne. Na ƙara ganuwa. Na ƙara ƙofa babba. Na ƙara tattabaru suna zagayawa.

Ya cire takalmansa. Ya gyara tsayuwa ya yi wa ubansa sallama irin wadda ake yi wa mutanen kabari. Sannan ya kira yayansa da sunan da uwarsu take kiransa, sau uku, da ƙarfi, kamar mai kiran yaro ya shigo cin tuwo. Ruwa kawai ke motsi. Sai ya ɗaga hannu.

"Ya Allah, na yi maka alkawari, in ka kawo ni inda ake ganinta ba zan ƙara neman komai a kan wannan maganar ba. Ka cika naka. Zan cika nawa."

Ban san da alkawarin nan ba sai a lokacin.

A bas ya ba kowa labari. Wasu yaran suka toshe baki, wasu suka kalli taga. Da muka tsaya salla Ustaz ya ja ni gefe.

"Ka gyara kafin mu isa Makka."

"Ustaz, ka ga fuskarsa kuwa?"

"Na gani. Shi ya sa na ce ka gyara. Ba ni na ɗaura ba, ba ni zan kwance ba."

Na ce sai mun wuce Madina. Muka wuce Madina na ce sai ya huta. Kafin ya huta labari ya gama Mansur. Tsofaffi suna zuwa tukuba suna shafa hannunsa. Ana kirana in maimaita, ni kuma duk maimaitawa sai ƙubbar ta ƙara girma. Akwai ranar da na ce har kiran salla iska ta kawo mana. Ustaz bai taɓa tona ni ba, amma daga ranar gaisuwarsa gare ni ta koma ɗaga hannu daga nesa.

Da a nan abin ya tsaya, da na ce ƙarya ce mai kama da sadaka. Na ma sha faɗa wa kaina haka.

Bayan shekara huɗu Baffa ya yi ta zirga-zirga har ya gyara wa Sidi takardu, aka yi masa fasfon Najeriya. Ya kai shi aka cire masa yanar ido. Ranar da aka kwance bandejin ni ya fara gani, ya ce, "Ashe haka ka girma da muni? Ku mayar min da yanata." Muka yi dariya har ma'aikaciyar jinya ta leƙo.

Ba a yi wata biyu ba Baffa ya tara mu a tsakar gida. Ya ce ya bincika. Har yanzu akwai unguwar baƙaƙe a bakin wata ƙofar masallacin Ƙudus, wasunsu suna cewa kakanninsu daga ƙasar Hausa suka zo. Da fasfon nan ana iya bi ta ƙasar Urdun a tsallaka gada. Ya ce shi zai raka shi da kansa.

"Baba, ƙila Yayanka yana da rai. In ma babu, ƙila 'ya'yansa suna nan. Ga ido Allah ya dawo maka da shi."

Sidi ya daɗe yana juya fasfon a hannu. Ya buɗe ya kalli hotonsa. Sannan ya ajiye a kan tabarma.

"Na yi alkawari."

"An tambayi liman, ya ce ana iya yin kaffara."

"Allah bai yi min wayo ba, ni ba zan yi masa ba. Na ce ya nuna min, ya nuna min. In koma in ce bai isa ba?"

Baffa, wanda bai taɓa buɗe taswira ba a rayuwarsa, ya juyo wajena.

"Kai da ka kai shi, kai yake ji. Yi masa magana."

Kowa ya zuba min ido. Kalma huɗu ce kawai: Sidi, tanki na nuna. Alkawarin ya warware, tsoho ya hau jirgi. Na buɗe baki na ce, "Ku ƙyale shi, Baffa. In ya je ya ga matan can ya ƙi dawowa, ni za a bar wa cefanen Sitti."

Aka kwashe da dariya. Sidi ya fi kowa. Fasfon ya shiga ƙasan akwati, a can ya mutu.

Tsoro ne, ba wani abu ba. Ba tsoron duka ba, ba tsoron Baffa ba. Tsoron ya kalle ni da sababbin idanun nan.

Da ciwon ajali ya kwantar da shi na yi niyya ta gaske. Ranar Lahadi da rana na tarar ɗakin ba kowa, na zauna a bakin gado.

"Sidi, akwai maganar da nake so in..."

"Ɓarawo ne? Yauwa. Ba ni labarin ƙubba."

Na ba shi. Har da tattabarun. Ya yi barci yana murmushi, ni kuma na fita na tsaya a lungu kamar wanda aka kora.

Rana ta uku ta makoki, bayan azahar, na shiga wajen Sitti. Tana ɗakin takaba a kan tabarma, mata sun fita cin abinci. Na durƙusa na faɗa mata duka, tun daga bakin teku har ranar fasfo. Karo na farko a rayuwata da na ba da labari ban ƙara masa ko gishiri ba. Carbinta bai tsaya ba sai da na gama.

"Tankin me?"

"Ban sani ba, Sitti. Ƙila mai, ƙila ruwa."

"Tanki ya yi wa sallama."

"E."

"Da ka faɗa ranar da Baffanka ya kawo fasfo, da ya tafi?"

"Da ya tafi."

"Da ya tafi ko da rarrafe ne." Ta ajiye carbin. "Ƙila da ya samu wani mai kama da shi."

Na ce ta yafe min.

"Ni me ka yi min? Ni na ci ribar ƙaryarka. Tun da na aure shi yake kiran Yayansa a cikin barci, daga tafiyar nan ya daina. Nawa na yafe. Nasa kuwa ba a hannuna yake ba." Ta ɗauki carbinta. "Da ranar Litinin ka zo da wannan maganar, yana da rai."

Bayan magariba na fita da buta. Aminin Sidi ya hango ni.

"Yau dai ba ka tsira. Ranar ƙarshe ce. Ba mu labarin ƙubba a yi addu'a a tashi."

Na ajiye butar na tsaya a tsakiyar kujeru na ce babu ƙubba, tanki ne, Ƙudus ba ta ganuwa daga can, ƙarya na yi.

Sai tsohon ya girgiza kai.

"Kai dai ba ka rabo da shiririta. Ko a makokin kakanka sai ka yi? Ba kai ka ce har kiran salla kuka ji ba?"

"Yaron nan baƙin ciki ne ya taɓa shi," in ji wani. "Ku ba shi ruwa."

Aka miƙo min ruwa. Shekara goma sha ɗaya ina ƙarya suna yarda, yau na faɗi gaskiya sun ce wasa nake. Baffa kaɗai bai ɗauki maganar wasa ba. Ya waiwaya ya nemi Ustaz a layin baya, Ustaz ya sunkuyar da kai. Baffa ya tashi ya shiga gida, har liman ya shafa fatiha bai fito ba. Yau kwana tara bai amsa sallamata ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Shi ya sa na rubuta, tunda baki ya riga ya lalace. Sidi masallatai biyu ya samu. Na ukun ni na tare masa hanya.

Allah ya jiƙan Mai Tsiren Mansur, ya sanyaya masa kabari fiye da yadda wuta ta gasa masa hannu, ya haɗa shi da ubansa da yayansa a inda ba a tambayar takarda. Ku yi masa addu'a. In ta ragu ku sam min, don akwai ranar da zan tsaya a gabansa, kuma a ranar idonsa garau yake.